Ƙwallon da Auta ya ƙi karɓa

Auta muke ce masa, domin shi ne na ƙarshe cikin 'ya'ya biyar, kuma da haka zan kira shi a nan. Mahaifiyarsa ce ta ba ni izinin ba da labarinsa, da sharaɗin kada in ambaci sunansa na yanka ko sunan makarantar. Ni mataimakin malami ne a sashen ɗalibai masu buƙata ta musamman, da yamma kuma ina cikin masu horar da ƙungiyar ƙwallon haɗaka, wadda ke saka yara masu tawayar fahimta da waɗanda ba su da ita cikin riga ɗaya. Abin da zan faɗa na gan shi da idona shekara huɗu a jere, a wata sakandare ta jihar Konetikat a Amurka.

Iyayensa mutanen Damagaram ne. Sun daɗe a unguwar Bronx ta birnin Niyok kafin su komo Konetikat, lokacin da mahaifin ya bar tuƙin tasi ya kama babbar mota. A Bronx aka haifi Auta da lalurar Down, wadda a gida ake haɗa ta da wasu lalurorin da ba su da alaƙa da ita a kira su duka galahanga. Asalinta a ƙwayoyin gado yake: ƙwaya ta 21, wadda kowa ke da guda biyu, shi da uku ya zo. Ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Yaro ne mai koyo a hankali, magana takan yi masa nauyi, tsokar jikinsa da laushi, gaɓoɓinsa sako-sako. Kusan rabin jariran da ake haifa da wannan lalura suna zuwa da matsalar zuciya, Auta yana cikinsu. Bai cika wata shida ba aka yi masa aiki aka toshe hujin da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa. Tun daga ranar Inna, kamar yadda duk gidan ke kiranta, ta riƙe shi riƙon ƙwai.

Yayyensa maza biyu 'yan ƙwallo ne. Duk Asabar bayan Islamiyya sukan tafi da shi fili, su ajiye shi a bayan raga. Aikinsa ɗauko ƙwallon da ta fita. Shekaru ya yi yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa ce masa ya shigo ciki.

Yana da shekara 14 ya shigo makarantarmu. Da takardar shiga ƙungiya ta isa gida, Inna ta zo da kanta, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba, ta ce: “Malam, abu biyu nake tsoro. Kada a karya min yaro, kada kuma a mayar min da shi abin kallo.” Na farkon yana da amsa a rubuce, na nuna mata. Na biyun na ce ba zai faru ba, kuma ya faru.

Amsar tsoro na farko daga asibiti take farawa. Ba yaron da ke taka filinmu sai da takardar likita, ga mai lalurar Down kuma akwai abin da ake dubawa na musamman. Wasunsu ƙasusuwa biyu na farko da ke saman wuya, inda kai ke zaune, ba su da ɗauri mai ƙarfi, idan aka lanƙwasa wuyan da ƙarfi suna iya danne lakar da ke ciki. Shi ya sa Special Olympics, ƙungiyar da ke shirya wasanni ga masu tawayar fahimta, ta saka ƙwallon ƙafa cikin wasannin da ake taka-tsantsan da su. Alamun da ake nema su ne ciwon wuya, karkatar kai gefe ɗaya, canjin tafiya, raunin hannu ko ƙafa, da sakin fitsari ga yaron da a da yake riƙewa. In aka ga ɗaya daga ciki, wasa ya tsaya sai ƙwararren likita ya yi magana. Auta ba shi da ko ɗaya, likitan zuciyarsa ma ya sa hannu, duk da haka muka yanke cewa ba zai sa wa ƙwallo kai ba, a atisaye ko a gasa. Tabaraunsa na gilashi aka canza da na roba mai igiya ta baya. Takalmi kuwa sai da aka sayi na uku kafin a dace, domin ƙafarsa gajera ce mai faɗi, tafinta a shimfiɗe, takalmin ƙwallo kuma yawancinsa siriri ne. Wanda ya yi masa shi ne mai ƙananan haƙora da yawa, irin na filin roba, mai manne maimakon igiya. Yaron da ke jiran wani ya ɗaure masa takalmi a gaban sa'o'insa ya fara atisaye da kunya, kuma wannan kunyar takan bi shi har cikin fili.

Mahaifinsa ta waya ya yi tambayarsa, yana kan hanya: wa ya ƙirƙiro wannan abu, gwamnati ce ko coci? Na ce masa wata mata ce, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar shugaba John Kennedy, wadda 'yar'uwarta Rosemary ke da tawayar fahimta. A 1962 ta fara tara irin waɗannan yara a gidanta a jihar Marilan suna wasanni, a watan Yulin 1968 kuma aka yi gasar Special Olympics ta farko a filin Soldier Field na Shikago da 'yan wasa kimanin 1,000. A farko su kaɗai suke wasansu. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙaddamar da tsarin Unified Sports, wanda mu muke ce wa haɗaka, a 1992 kuma hukumar wasannin sakandare ta Konetikat ta haɗa hannu da Special Olympics ta shigar da shi makarantu. Ya ce, “To, Allah Ya sa alheri,” ya kashe waya. Shekara biyu bai zo kallo ba.

Ga yadda wasan yake. A fili ana kiran yaro mai tawaya ɗan wasa, wanda ba shi da ita kuma abokin tafiya. Mu biyar-biyar muke bugawa: 'yan wasa 3 da abokan tafiya 2 a kowane ɓangare. In bakwai-bakwai ne 4 da 3, in sha ɗaya ne 6 da 5. Filin biyar-biyar tsawonsa mita 40 zuwa 50, faɗinsa 30 zuwa 35, raga kuma mita 4 a faɗi da 2 a tsayi, ko 3 da 2. Minti 15 ake yi a juya, a sake 15, da ɗan hutu a tsakani. Babu satar gida. In ƙwallo ta fita gefe ba a jefa ta da hannu, ajiye ta ake yi a kan layi a buga da ƙafa, abokan hamayya su ja baya mita 5, kuma ba a cin ƙwallo kai tsaye daga wannan bugun. Canji ba shi da iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa. Koci babba ne da ke waje, ba ya shiga wasa. Kowace jiha takan ɗan gyara wasu abubuwa, musamman tsawon lokaci a ranar da ƙungiya za ta buga wasa uku ko huɗu.

Haɗakar kanta kala uku ce, kuma makarantu da yawa a nan suke fara kuskure. Akwai ta gasa, inda ɗan wasa da abokin tafiya suke kusa da juna a shekaru da kuma iyawa, har mai kallo ba zai gane wane ne wane ba. Akwai ta raino, inda abokin tafiya ya fi iyawa, aikinsa ya ja ɗan'uwansa sama. Akwai ta nishaɗi. Tamu ta raino ce. Makarantar da ta kwaso taurarin babbar ƙungiyarta ta haɗa su da yaran da jiya suka fara taɓa ƙwallo, sannan ta ce gasa take yi, ta ɗauko rauni da hannunta: bugun saurayi ɗan shekara 17 da ya saba buga gasar jiha yana iya karya yatsun golan da bai iya tare fuska ba. Kafin mu raba ƙungiya mukan gwada kowa, da mai tawaya da marar ita, a abu uku: jan ƙwallo tsakanin robobin alama, tarewa da miƙawa, da bugun raga. Abokin tafiyar da ya fi amfani sau da yawa matsakaici ne a ƙwallo, mai haƙuri, wanda ba ya fashin atisaye. Wanda ya zo don ya cike sa'o'in aikin sa-kai da zai rubuta a takardar neman jami'a, a mako na uku ake gane shi, domin daga an fara sanyi sai a neme shi a rasa.

Mako 8 muke atisaye kafin gasa, sau biyu a mako, awa ɗaya kowane zama. Minti 10 na ɗumama jiki, 15 na fasin, 10 na jan ƙwallo, 20 na wasa, 5 na zama a da'ira a sha ruwa a yi sallama. Wannan jeri ba ya canzawa, an zana shi a kwali da hotuna biyar an rataye a jikin raga, domin yaron da ya san abin da ke tafe hankalinsa a kwance yake. Ƙwallo ɗaya ga kowane yaro. Layin jira kada ya wuce mutum uku, in ya wuce nan ake ture-ture, nan wani ke zama a ƙasa ya ƙi tashi. Umarni ɗaya ake bayarwa a lokaci guda, kalma huɗu ko biyar, a nuna da jiki, sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun shi ya fi wa sababbin koci wuya. Sukan ga yaro bai motsa ba su maimaita da wasu kalmomi daban, alhali shi yana tsakiyar warware na farkon, sai su mayar da shi baya.

Fasin da cikin ƙafa ya ɗauki Auta kusan duk shekarar farko. Ƙa'idarsa sananniya ce: ƙafar dogaro a gefen ƙwallo da tazarar tafin hannu, yatsunta na kallon wanda za a ba, ƙafar bugu a buɗe, idon sawu a ƙame. Matsalarsa idon sawun ne. Saboda laushin gaɓa, da ƙwallo ta taɓa ƙafar sai ta lanƙwashe, ƙwallon ta karkace ko ta mutu a gabansa. Cewa “ƙame ƙafa” bai yi masa ma'ana ba. Abin da ya yi aiki shi ne “yatsu sama”, domin duk wanda ya ɗaga yatsunsa sama idon sawunsa ya ƙame da kansa. Muka fara daga mita 3, ta tsakanin robobi biyu da ke da tazarar mita 1. Sai ya ci 7 cikin 10 sau biyu a jere muke ƙara nisa, zuwa 5, daga baya 8. Dama da hagu kuma da zare muka raba su, ja a hannun dama. Ragar da za mu ci muna ɗaura mata riga mai ruwan ɗorawa, bayan hutun rabin lokaci kuma duk ƙungiya sai ta taka har sabuwar ragar kowa ya taɓa ƙarfenta da hannu. Kafin mu fara haka, yawancin ƙwallayen da yaranmu suka ci gidansu a minti biyun farko na zagaye na biyu ne.

Ranar gasarsu ta farko Inna ta zo da yayyensa da kular shinkafa. Aka yi fareti, wani ɗan wasa ya karanta rantsuwar Special Olympics, wadda ma'anarta ita ce: a bar ni in yi nasara, in kuwa ban samu ba, a bar ni in yi jarumta wajen nema. A wasa na biyu ana cinmu 3 da nema, saura minti kaɗan, sai ƙwallo ta faɗo gaban Auta a tsakiyar fili. Ya fara ja. Abokin tafiya na ɗaya ɓangaren ya matsa gefe ya ba shi hanya. Na biyun ya yi kamar ya zame ya faɗi. Kocinsu yana ɗaga hannu yana yi wa sauran alamar su tsaya, iyaye suka miƙe suna tafi, wayoyi suka tashi sama. Golan, da aka riga aka yi wa ishara, ya kwanta gefe tun ƙwallo ba ta bar ƙafa ba. Raga a buɗe, tazara ba ta fi taku uku ba.

Auta ya taka ƙwallon ya tsayar da ita. Ya dubi golan da ke kwance, ya dubi masu tafi. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kai wa golan ya ajiye masa a ƙirji, ya fito daga fili ya zauna a benci. Na durƙusa gabansa na ce, “Auta, lafiya?” Ya ce, “Kawu, ƙarya ce.” Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma koma wasan ba ranar. Inna tana tsaye a bayan igiya, ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi, na kuwa tuna abu na biyu da ta ce tana tsoro.

Waɗancan yaran da kocinsu ba mugunta suka nufa ba, alheri suke ganin suna yi. Amma yaron da ya shekara da shekaru a bayan raga yana kallon ƙwallon gaske ya san yadda gola ke faɗuwa in da gaske yake. Ciwon haɗaka biyu ne. Na farko kowa na ganinsa: abokan tafiya biyu su riƙa ba juna ƙwallo, su yanke kowa su ci, 'yan wasa uku suna bin su a baya kamar rakiya. Alƙalin wasa yana da ikon gargaɗi a kan wannan, a wasu gasannin har a ƙwace wasan. Na biyun shi ne ƙwallon sadaka, kuma ya fi wuyar magani domin tafi ake yi masa, har a ɗauki bidiyonsa a yaɗa a Facebook mutane suna hawaye. A wurina na biyun ya fi ɓarna. Wanda aka hana ƙwallo ya san an hana shi, zai iya yin fushi ya nemi haƙƙinsa. Wanda aka buɗe wa hanya kuwa an gaya masa a gaban jama'a cewa ba a ɗauke shi abokin karawa ba.

Bayan wannan rana muka zauna da abokan tafiyarmu muka canza abubuwa. A tsaron gida, abokin tafiya ba zai kai wa ɗan wasa sura ba, ba zai sa masa kafaɗa ba, ba zai zo masa ta baya ba, amma kuma ba zai kauce ba. Zai tsaya gabansa da tazarar hannu ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, yana ja da baya a hankali yana rufe hanyar raga. In ɗan wasan ya saki ƙwallo ta yi nisa da ƙafarsa, a ɗauke. In ya wuce da dabararsa, ya wuce. A wajen miƙawa kuma, a kira sunan mutum kafin a buga, a jira ya ɗago ido, ƙwallon ta bi ƙasa, ta nufi ƙafar da ya fi iyawa da ita, da ƙarfin da zai iya tarewa amma ba mai rarrafe da abokin hamayya zai riga shi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma kimar kowane yaro daban take, sai an yi ta da shi ɗaruruwan lokuta.

Muka kuma ba ɗaya daga cikin masu jiran canji takarda da fensir, yana yin ɗigo a gaban sunan duk wanda ya taɓa ƙwallo. A hutun rabin lokaci takardar ce ke magana. In abokan tafiya biyu suna da ɗigo 30, 'yan wasa uku suna da 8, ba sai an yi wa kowa faɗa ba. Wasu makarantun sukan yanke hukunci gaba ɗaya su ce abokin tafiya ba ya cin ƙwallo. Ban yarda da wannan ba. Da zarar abokan hamayya sun gane haka sai su ƙyale abokan tafiya su taru a kan 'yan wasan, fili ya ƙara matse wa waɗanda aka ce ana taimako. Gara a bar shi ya buga in dama ta zo masa da gaske, a dai hana shi mayar da wasan nasa shi kaɗai. Kafin kowane wasa kuma sai ɗayanmu ya je wurin kocin ɗaya ɓangaren ya ce masa a fili: kada a buɗe wa yaranmu hanya, mu ma ba za mu buɗe wa naku ba.

Mako biyu Auta bai zo atisaye ba. Wanda ya dawo da shi wani abokin tafiya ne, Bature ɗan aji biyu da ya fito daga ƙungiyar gudu, wanda Auta ya laƙaba wa Dogo har sunan ya bi shi duk makarantar. Dogo bai lallashe shi ba. A ɗakin cin abinci ya same shi ya ce masa ba su da mai tsaron baya ranar Talata, kuma gaskiya ya faɗa.

A nan ne muka gano inda Auta ya dace. Ba shi da gudu, ƙafafunsa gajeru ne, minti 6 ko 7 yake yi a ciki mu fitar da shi ya huta 3 ya koma. Amma zaman bayan raga ya koya masa abin da ba mu koya masa ba: ya san inda ƙwallo za ta biyo kafin ta biyo. Muka ajiye shi ɗan baya na ƙarshe da aiki uku kacal. Ya tsaya tsakanin ƙwallo da raga. In ya samu ya fitar da ita gefe, kada ya bi ta tsakiya. In ta fita ta ɓangarensa shi ne mai bugun gefe. Wannan na ukun ya zama sana'arsa, domin ƙwallo a tsaye take, ba mai matsa masa, yana da lokacin da zai ce wa kansa “yatsu sama”. A shekara ta biyu fasin ɗinsa na mita 8 zuwa ƙafar Dogo ya zama hanyar da muka fi fara kai hari da ita.

Ba shi kaɗai ba ne a ƙungiyar, kuma kowane yaro da katinsa a jakar koci: lalurarsa, maganinsa, abin da ke tayar masa da hankali, lambar gida. Akwai mai otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, wanda ƙarar usur ke sa shi toshe kunne ya durƙushe, sai muka koma ɗaga tuta a atisaye, a gasa kuma yana sa abin toshe kunne da sanin alƙali. Akwai yarinya mai farfaɗiya da ta taɓa faɗuwa ana tsakiyar wasa. Abin da ake yi sananne ne, kuma duk ƙungiyar ta haddace: a duba agogo, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki, ba cokali ba ruwa, in jijjigar ta lafa a juya ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, ko numfashi ya ƙi daidaita, a kira motar asibiti. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwon, duk da abin da da yawanmu muka taso muna ji. Ranar, Auta ne ya cire rigarsa ya naɗe ya miƙo a sa mata a ƙarƙashin kai, sannan ya juya ya tsaya ya ba ta baya yana kare ta daga idon mutane.

Akwai kuma abubuwan da ba a fili suke ba amma su ke nuna ko makaranta da gaske take. Rigarmu iri ɗaya ce da ta babbar ƙungiya, launi da tambari, ba ragowar tsofaffi ba. Motar makaranta ce ke kai mu wasa. Ana faɗin sakamakonmu a lasifikar safe tare da na kowa, ko mun ci ko an ci mu. Wannan ba alfarma ba ce: a watan Janairun 2013 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta aika wa makarantu takarda tana tuna musu cewa dokar 1973 da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta shafi wasannin makaranta ma. Ni kuwa ma'aunina ɗakin cin abinci ne. A shekarar farko Auta da 'yan ajinsa a teburin kusa da ƙofa suke ci tare da mu malamai. A ta uku sai na neme shi, in hango shi can tsakiya cikin 'yan gudu, yana koya musu cewa “sannu da aiki”.

A shekara ta ukun ne mahaifinsa ya zo, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya ajiye babbar motarsa a bakin titi ya tsaya a jikin waya. An ci mu 2 da 1 a wasan. Amma saura kaɗan a tashi, wani abokin tafiya na ɗaya ɓangaren ya taho da ƙwallo, golanmu ya fita ya rasa ta, sai ga Auta a kan layi, inda ya riga ya je tun kafin a buga, ya sa cikin ƙafa ya fitar da ita gefe. Yaron da ya buga ya riƙe kai don takaici, takaicin gaske. Auta ya ga wannan, ya daki ƙirji. Da aka tashi mahaifin ya zo ya ba ni hannu, ya ce, “Malam, ashe yana gani.” Na ce, “Alhaji, ya daɗe yana gani.” Ya kama kan ɗansa ya riƙe a ƙirjinsa, bai sake magana ba.

Ƙwallo ɗaya tak Auta ya ci a shekara huɗu, a shekararsa ta ƙarshe, wadda gola ya ture ta dawo gabansa ya mayar. Ba wanda ya ɗauki bidiyonta. Inna ta ce har yau in baƙi suka zo sai ya tashi ya nuna musu yadda golan ya yi tsalle.

Yanzu yana cikin shirin koyon sana'a da makaranta ke yi wa irinsu bayan aji huɗu, wato na ƙarshe a sakandarenmu, yana jera kaya a wani kanti kwana uku a mako. Dogo ya tafi jami'a, suna waya ranar Lahadi. Talata da Alhamis kuma Auta yana zuwa fili, shi ke jera robobin alama, shi ke ɗaura riga mai ruwan ɗorawa a raga. A atisayen farko na bana muka haɗa shi da wani sabon abokin tafiya ɗan aji ɗaya don ya gwada tsaron gida. Auta ya ja ƙwallo ya nufo shi, yaron ya yi murmushi ya matsa gefe. Auta ya taka ƙwallon, ya kama hannun yaron ya dawo da shi gabansa, ya auna tazarar hannu ɗaya tsakaninsu, ya dafa masa gwiwa don ya lanƙwasa. Sannan ya koma inda ya fara, ya ajiye ƙwallon, ya ce masa, “Sake.”